Hoton Ginshiƙin Trajan: Mai Zanen Ne Ya Yi Ƙarya, Ko Garin Ne Ya Sauya?

"Assalamu alaikum, Malam. Yayana ya je aiki Italiya ya dawo mini da tsarabar wani hoto baƙi da fari, da yake ya san ina koyar da tarihi a sakandare. Wani dogon ginshiƙi ne a tsakiyar gari, jikinsa duk sassaƙa, da mutum-mutumi a ƙolinsa. A ƙasa an rubuta Colonna Trajana, ga kuma sunan Piranesi da ƙananan baƙaƙe. Mai shagon ya ce masa tsohon bugu ne. Da na nemo hoton wurin a intanet sai na ga bambanci: a tawa takardar gindin ginshiƙin yana cikin rami, gidaje sun matse shi, mutane kamar tururuwa, a hoton yanzu kuwa fili ne da guntayen ginshiƙai a jere. Mai zanen ne ya yi ƙarya? Zan iya nuna wa ɗalibaina a matsayin hujjar tarihi? Kuma yaya zan gane ko tsohon ne da gaske?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka wa yayan naki da alheri, ya iya zaɓen tsaraba. Tambayoyi uku kika yi: ko abin da ke takardar ya taɓa kasancewa haka, ko mai zanen ya ƙara gishiri, da kuma shekarun ita kanta takardar. Amsar ta farko i ce, ta biyu ma i ce. Abin da zai amfane ki a aji shi ne ki iya raba su, ki san wane ɓangare na hoton shaida ne, wane ɓangare kuma kwalliya ce ta mai neman ciniki. Na daɗe ina aiki da irin waɗannan hotuna, ina kuma koya wa ɗalibai yadda ake buga su, don haka zan faɗa miki abin da hannuna ya taɓa da abin da na karanta.

Ginshiƙin da mutumin da ya zana shi

Ginshiƙin yana birnin Rum, an ƙaddamar da shi a shekara ta 113 miladiyya don tunawa da yaƙoƙi biyu da Sarki Trajan ya yi da mutanen Dacia, ƙasar da take Romaniya a yau, na farko daga 101 zuwa 102, na biyu daga 105 zuwa 106. Da farin dutsen marmara aka yi shi. Tsawon jikinsa kusan mita 30 ne, idan aka haɗa da dakalin da yake tsaye a kai ya kai kimanin mita 35. Sassaƙar da kika gani labari ce guda mai tafiya, ta naɗe ginshiƙin kamar rawani har sau 23, da za a warware ta da ta kusa mita 200, kuma akwai siffar mutane fiye da 2,500 a jikinta: sojoji suna ƙetare kogin Danube, suna gina sansani, suna yaƙi, ana kai wa sarki fursunoni. Cikinsa rarake yake, da matakala 185 zuwa sama. Bayan rasuwar Trajan a 117, a cikin dakalin aka ajiye tokarsa. Mutum-mutumin da ke ƙoli kuwa ba na Trajan ba ne, nasa ya ɓace tun da daɗewa. Wanda kike gani na Bitrus ne, almajirin Annabi Isa, Fafaroma Sixtus na Biyar ya sa aka ɗora shi a 1587.

Mai zanen, Giovanni Battista Piranesi, an haife shi a 1720 a yankin Venice, ya rasu a Rum a 1778. Ilimin gini ya fara koya, kuma har ya bar duniya magini yake kiran kansa, duk da cewa gini ɗaya tak ya yi na a-zo-a-gani, wata majami'a a tudun Aventino inda aka binne shi. Da ya zo Rum bai sami aikin gini ba, sai ya koyi sana'ar bugu a wurin Giuseppe Vasi, wanda a lokacin shi ne gwanin zana birnin. Daga ƙarshen shekarun 1740 har rasuwarsa ya yi jerin manyan hotunan Rum guda 135 da ake kira Vedute di Roma, ɗansa Francesco ya ƙara biyu daga baya. Hoton da kika bayyana na cikin jerin nan, aikin shekarun 1750 ne.

Yadda hoton ke fitowa daga jan ƙarfe

Sai kin san yadda ake yin abin kafin ki iya yi masa hukunci. Ana samun allon jan ƙarfe a goge shi har ya zama kamar madubi. Daga nan hanya biyu ce. Ta farko, a ɗauki wani alƙalamin ƙarfe mai kaifin baki a dinga tura shi a jikin allon yana yanke layi, kamar yadda mai sassaƙar ƙwarya ke tura wuƙarsa, ko maƙerin Bida ke yi wa faranti ado. Aiki ne mai nauyi, layinsa tsaf-tsaf, yana farawa siriri ya yi ciki ya ƙare siriri. Ta biyu, a shafe allon da wani irin kaki mai duhu, a zana a kansa da allura, duk inda allura ta bi kakin ya kau, sai a zuba ruwan asid ya cinye ƙarfen a waɗannan layukan kaɗai. A nan hannu sake yake, kamar mai rubutu da alƙalami. Piranesi da ta biyun ya fi aiki, sai ya bi da alƙalamin ƙarfe ya ƙarfafa wasu wurare. Yana maimaita asid ɗin sau da yawa: ya rufe sararin sama da varnish, wani shafi da asid ba ya ci, bayan ɗan lokaci don layinsa ya tsaya siriri, ya bar gaban hoton ya ci gaba da cinyewa har layin ya yi zurfi. Daga nan baƙin nan mai ƙarfi da kike gani a inuwa ya samo asali.

Wurin bugu ne na fi so ɗalibaina su tsaya su kalla. Ana cusa tawada mai kauri kamar man kaɗe cikin layukan, a goge saman allon da tsumma, a ƙarasa da gefen tafin hannu har ƙarfen ya yi ƙyalli, tawada ta rage a cikin ramukan kawai. A ɗora takarda mai danshi, a lulluɓa da bargo, a murza ta tsakanin manyan sanduna biyu masu juyawa da ƙarfin gaske. Idan aka ɗaga bargon aka kama gefen takardar aka janye a hankali, za ki ji ta tana ɗan mannewa, ki ga takardar ta shiga kowane layi ta tsotso tawadar, gefen allon kuma ya bar mata shatin kwari a zagaye. Kowane hoto ɗaya sai an sake wannan aikin daga farko.

Abu ɗaya ki riƙe: abin da ke dama a allo hagu yake fitowa a takarda, kamar hatimi. Dole mai zanen ya juya komai a kansa, har rubutu. Duk shekara sai an sami ɗalibin da ya rubuta sunansa daidai a allo ya fito masa a birkice. Masu kwafar aikin wasu kan yi sakaci da wannan, shi ya sa ake samun tsofaffin hotunan birane inda majami'ar da ke gabas ta koma yamma. Akwai ma wani nau'i da aka buga da yawa a Paris da Augsburg da Landan a ƙarni na 18, masu launi shar, da gangan ake juya su domin ta cikin madubi da gilashin ƙara girma ake kallonsu, har kanun da ke sama a juye ake rubuta shi.

Inda bai yi ƙarya ba

Ramin nan gaskiya ne. Birnin da aka daɗe ana zaune a cikinsa tasowa yake yi: gini ya rushe a baje a yi wani a kai, shara ta taru, kogin Tiber ya yi ambaliya ya bar laka. Kin san yadda a tsofaffin unguwannin cikin birni za ki sami zauren da sai kin sauka taki ɗaya ko biyu kafin ki shiga, alhali lokacin da aka gina shi daidai yake da titi. To Rum ta yi shekara fiye da dubu a haka, ƙasa ta hau mita da dama ta binne dakalin ginshiƙin. A ƙarni na 16 aka haƙe kewayensa aka yi masa katanga, mai son ganin rubutun jikin dakalin sai ya sauka. Haka Piranesi ya same shi, haka ya zana shi. Gidajen ma suna nan a lokacin. Filin da kika gani a intanet ya samu ne a mataki biyu: lokacin da Faransawan Napoleon ke riƙe da Rum, tsakanin 1811 da 1814, aka rushe gine-ginen da ke kudu da ginshiƙin aka tono ragowar babban zauren shari'a na Trajan, su ne guntayen ginshiƙan da ke jere. Sannan gwamnatin Mussolini ta share unguwar da ta rage don fitar da babban titin da aka buɗe a 1932. Mutanen da ke zaune a wurin aka tashe su. Unguwa ce sukutum da shagunanta da lungunanta ta tafi, kuma irin takardar da ke hannunki na cikin abubuwan da suka rage masu nuna yadda take.

Wannan shi ne babban abin da ya sa nake girmama waɗannan hotuna. Kafin kyamara ta bayyana a 1839 ba mu da wani ido a kan biranen nan sai nasu. Ɗauki Ƙofar Sarki Titus da ke Rum, wadda aka gina wajen shekara ta 81 don tunawa da cin birnin Ƙudus. Wanda ya je yau zai ga ƙofa cikakkiya tsaye ita kaɗai. A hotunan Piranesi tsakiyarta kawai ta rage, manne da katangu, domin a tsakiyar zamani wani gidan masu ƙarfi, Frangipani, sun cusa ta cikin ganuwarsu. Gefunanta biyu da ake gani yanzu sabon gini ne da Giuseppe Valadier ya kammala a farkon shekarun 1820, da wani dutse daban da na asali, don mai lura ya bambance. Ƙofar Sarki Septimius Severus ta shekara ta 203 kuwa a hotunansa ƙasa ta cinye ta har ƙananan mashigunta biyu sun kusa toshewa, dandalin da ke gabanta, wanda ya taɓa zama zuciyar daular Rum, ya koma makiyaya, har sunansa a bakin mutanen gari filin shanu.

Inda ya ƙara gishiri

Mutanen da kika ce kamar tururuwa, a nan hannunsa ya shiga. Gwada da kanki. Ki sa ruler ki auna tsawon mutum ɗaya da ke tsaye kusa da gindin, ki auna ginshiƙin. Idan namiji mita 1.7 ne, ginshiƙi mai mita 35 ya kamata ya ninka shi sau 20 ko kusa da haka. A yawancin hotunan Piranesi za ki ga ginin ya wuce lissafi, ya ƙanƙantar da mutane don dutse ya yi girma. Yana kuma saukar da idon mai kallo ƙasa-ƙasa, ya faɗaɗa titi, ya buɗe kusurwar da ido ba ya iya ɗauka a kallo ɗaya, wani lokacin ya haɗa abin da sai an tsaya wuri biyu ake ganinsa. Haske kuma nasa ne, yana zuba shi inda ya ga dama. An ruwaito cewa shi kansa Vasi ya taɓa ce masa halin mai fenti ya yi masa yawa a sana'ar bugu. Idan kika ɗora hoton Vasi da na Piranesi na wuri guda za ki ga me ake nufi: na Vasi natsattse, gari yana harkarsa, na Piranesi kamar hadari ya haɗo.

Dalili biyu ne. Na farko kasuwa. A ƙarni na 18 al'ada ce 'ya'yan masu hali na Ingila da Faransa da Jamus su yi doguwar tafiya zuwa Italiya don cike iliminsu, kuma kowa yana son komawa gida da abin nunawa. Piranesi ɗan kasuwa ne na gaske, yana sayar da hotunan ɗaya-ɗaya ko a ɗaure, har farashi yake rubutawa a jikin allon. Wanda zai rataye Rum a bangon ɗakinsa a Landan yana son Rum mai ban tsoro da ban sha'awa. Sakamakon haka mutane da yawa sun fara sanin birnin ta takardunsa, da suka zo suka gani da ido sai suka ga abin bai kai yadda suka ɗauka ba. Dalili na biyu aƙida ce. A zamaninsa malamai suna jayayya a kan wa ya fi iya gini, Girkawa ko Rumawa, shi kuwa ya tsaya kai da fata a bayan Rumawa, har littafi ya wallafa a kan haka a 1761. Girman da yake ba duwatsun nan hujja yake kafawa da shi.

Amma kada a zalunce shi. Mutumin nan ya yi shekaru yana hawa da sauka da igiyar awo, yana shiga kaburbura da magudanan ruwa. Littafinsa mai juzu'i huɗu na 1756 a kan kayan tarihin Rum cike yake da awo da taswira, kuma a shekarun 1770 ya koma kan wannan ginshiƙin ya yi masa hoto mai tsawon kusan mita uku, daga alluna da yawa da ake haɗa takardunsu, mai bin sassaƙar daki-daki. Abin da na lura da shi a aikina shi ne: a kan jikin ginin, wato yawan ginshiƙai, tsarin duwatsu, rubutu, inda ya tsage, ana iya dogara da shi sosai. A kan girma da tazara da yanayi kuwa a yi hattara.

Ka'idar nan ba ta Rum kaɗai ba ce. Sanannen hoton Kano daga kan Dala da ke littafin Heinrich Barth na 1857 ya bi ta hannu biyu. Barth ya hau dutsen a Fabrairun 1851 ya yi zanensa, amma wanda ya mayar da shi hoton bugu wani Bajamushe ne, Johann Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka Kano ba, kuma a kan dutsen bugu ya yi shi, ba jan ƙarfe ba. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibai shi nakan tambaye su: me Barth ya gani, me kuma mai zanen ya cike daga tunaninsa? Shi ya sa ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan hoto suke da muhimmanci. Kalmomin Latin ne a taƙaice: del. na nufin wanda ya zana, sculp. ko sc. wanda ya sassaƙa allon, fec. ko F. wanda ya yi, exc. wanda ya wallafa. Idan suna ɗaya ne, kamar na Piranesi, ido da hannu na mutum guda ne. Idan uku ne, labari ya bi ta baki uku.

Abin tunawa yana sauya kaya

Akwai wata dabara da nake amfani da ita wajen ƙiyasta shekarun hoto, kuma ɗalibai suna jin daɗinta. Gine-ginen tunawa siyasa ce, duk gwamnatin da ta zo sai ta taɓa su. Misali mafi kyau ginshiƙin dandalin Vendôme a Paris, wanda Napoleon ya sa aka yi tsakanin 1806 da 1810 da kwaikwayon na Trajan, don tunawa da nasararsa a Austerlitz a 1805. Da farko siffarsa ce a sama cikin shigar sarakunan Rum. Da ya faɗi a 1814 aka sauke ta aka kafa farar tutar gidan sarauta. A 1833 aka mayar da Napoleon, amma cikin doguwar kwat da hularsa ta soja. A 1863 aka sake sa shi cikin shigar Rumawa. Ranar 16 ga Mayu, 1871, 'yan juyin da suka riƙe Paris suka ja ginshiƙin da igiyoyi ya faɗi, bayan 'yan shekaru aka sake tayar da shi. Kallo ɗaya ga ƙolin ginshiƙin ya isa ya gaya miki zangon da hoton yake nunawa.

Sai dai zangon da hoto ke nunawa daban, ranar da aka buga shi daban. Masu wallafa sukan kwafi tsohon hoto shekara hamsin bayan wurin ya sauya, su sayar a matsayin sabo. Wannan ya kawo mu tambayarki ta ƙarshe.

Shekarun takardar da ke hannunki

Allunan Piranesi sun daɗe suna aiki bayan mutuwarsa. 'Ya'yansa sun tafi da su Paris a ƙarshen ƙarni na 18 suka ci gaba da bugawa. Kamfanin Firmin-Didot ya buga su a shekarun 1830, sannan a 1839 gwamnatin Fafaroma ta saye su suka koma Rum, inda maɗaba'ar hukuma ta ci gaba da fitar da su har cikin ƙarni na 20. Suna nan a ajiye a Rum har yau. Saboda haka mai shago zai iya cewa "tsohon bugu ne" ko "daga allon asali ne" bai yi ƙarya ba, alhali tsakanin takarda da takarda akwai shekara ɗari da hamsin. Ga kuma kwafin injin zamani da ya cika shagunan 'yan yawon buɗe ido. Ɗan kasuwa ba ya kushe hajarsa, sai ki bincika da kanki.

Ki cire hoton daga firam da hannu mai tsabta, ki fara da awo. Manyan hotunan jerin nan allonsu ya kai wajen santimita 40 da 55, na baya-bayan ma sun fi haka. Idan naki bai wuce shafin littafin rubutu ba, kwafi ne da aka rage. Sai ki nemi shatin kwarin nan a zagaye. Rashinsa alama ce mai ƙarfi, sai dai in an yanke gefen. Kasancewarsa kuwa bai isa hujja ba, don ana yi wa kwafi shatin ƙarya. Ki haska tocila daga gefe, a kwance da takardar: a bugun gaske layukan baƙi suna ɗan tasowa, har inuwa suke yi, musamman a wurare masu duhu. Ki sa gilashin ƙara girma, ko kyamarar waya ki zuƙo. Idan layi ya tsaya layi mai kaifin gefe, da kyau. Idan ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo a jere, aikin injin zamani ne, magana ta ƙare.

Sannan ki ɗaga takardar ga haske. Takardar ƙarni na 18 da tsumma aka yi ta da hannu, za ki ga siraran layuka a matse da wasu masu tazara da suka gitta su, shatin ragar da aka tace ta da ita. Idan kin taɓa riƙe tsohon Alƙur'ani ko kundin malamai na rubutun hannu kin san irinta, domin takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku da malamanmu suka yi ta rubutu a kai daga arewacin Italiya take zuwa ta hanyar Sahara. A bugun Rum na zamanin Piranesi tambarin da aka fi gani fure ne mai kai uku a cikin da'ira ɗaya ko biyu, takardar kuma mai kauri ce. Idan takardar sumul take ba layi ko ɗaya, bugun ya fi kama da na ƙarni na 19 zuwa sama. Layin ninki a tsakiya ba aibi ba ne, yawanci alama ce cewa an taɓa ɗaure shi a littafi.

Rubutun ƙasa ma yana magana. Bugun da aka yi yana raye yakan ɗauki adireshin mai sayarwa da farashi, kuma daga 1761 adireshin gidansa ne na Palazzo Tomati a titin Strada Felice. Daga baya aka kankare waɗannan, aka ƙara lambobi a kusurwa. Bugun maɗaba'ar hukuma yakan zo da hatimi mara tawada da aka danna a gefen takardar. Wani masani ɗan Ingila, Arthur Hind, ya jera waɗannan sauye-sauye allo bayan allo a 1922, kuma har yanzu da lambobinsa masu sana'ar ke magana. Akwai kuma abin da sai ido ya saba: jan ƙarfe yana da laushi, yawan matsi yana cinye shi, siraran layukan sama su fara ɓacewa, inuwa ta koma toka-toka. Na taɓa ɗora bugu biyu na allo guda gefe da gefe, na farko gajimarensa kamar za su motsa, na biyu sama ta zama fayau, ginin ya yi nauyi ya mutu.

Iyakata ke nan: ba zan iya yanke hukunci daga hoton waya ba, kuma duk wanda ya ce miki zai iya, ki yi shakka. Sai an riƙe takarda, an ji nauyinta, an duba bayanta. Farashi ma ba na faɗa. Idan na bi abin da na saba gani, tsarabar da aka saya a shagon gefen titi da kuɗi kaɗan ta fi zama kwafi ko bugun baya-baya. Hakan ba ya rage mata amfani a aji ko kaɗan, tunda zanen dai na Piranesi ne.

Ko ma wane iri ne, ina roƙonki kada ki kai a yi masa laminatin. Na ga takardu masu daraja da aka kashe da wannan, don leda da zafi ba sa fita. Kada ki sa masa salatif ko gam, kada ki goge shi da ruwa. Ki nisanta shi da rana da bangon da ke jiƙa da damina, danshi ne ke kawo jajayen ɗigon nan. Gilashi kada ya taɓa fuskarsa, a sa kwali mara asid a tsakani. Idan a akwati za ki ajiye, a kwance, kuma ki riƙa dubawa saboda gara da kyankyasai.

A aji kuwa, ki buga hoton wurin na yanzu ki manna kusa da kwafin naki, ki raba ɗalibai gida biyu. Rukuni ɗaya su lissafo abin da ya sauya a garin: ramin, gidajen, titin. Ɗayan su ɗauki ruler su auna mutane da ginshiƙi su fitar da lissafi. Sai ki tambaye su wa ya sayi wannan hoton a 1760, kuma me yake so ya gani. Idan kin duba takardar ga haske, ki aiko mini da abin da kika gani, da awon shatin a santimita, da duk rubutun da ke ƙasa harafi da harafi, zan gaya miki zangon da ya fi kama da shi.